Katarina ta Siyena: Ƴar marinin da ta yi wa Fafaroma faɗa ba tare da ta riƙe muƙami a coci ba

Ranar 18 ga watan Yunin 1376, wata mata mai shekara 29 ta iso birnin Abinyon da ke kudancin Faransa ta yau, tare da wani ayari na mabiyanta maza da mata. Ba ƴar sarauta ba ce, ba ta taɓa shiga makaranta ba, kuma ba ta iya zance da Latin, harshen da manyan coci ke magana da shi. Ta zo ne ganin Fafaroma Gregori na 11, shugaban ɗariƙar Katolika, kuma da aka shigar da ita gabansa sai da limamin da ke rakiyarta ya zama tafinta.

Buƙatu ta kawo masa: ya sasanta da birnin Florans da yake yaƙi da shi, ya kori lalatattun limamai, sa'an nan ya kwashe fadarsa ya mayar da ita Roma. Bayan wata uku Fafaroman ya kama hanyar Roma.

Sunan matar Katarina ta Siyena. Ta rasu tana da shekara 33 kacal, amma yau tana cikin mata huɗu da cocin Katolika ya bai wa laƙabin Malaman Coci. Duk lokacin da muhawara ta taso kan ko ya dace a naɗa mata limamai a wannan ɗariƙa, masu goyon baya da masu adawa duka sukan kafa hujja da rayuwarta.

Gidan marina a Fontebranda

An haifi Katarina ranar 25 ga watan Maris na 1347 a unguwar Fontebranda ta birnin Siyena, a yankin Toskana na tsakiyar Italiya. Mahaifinta Yakopo Benincasa marini ne mai rufin asiri, yana da marina da yaran aiki a ƙasan gidansa. Mahaifiyarta Lapa ta haifi ƴaƴa 25, waɗanda da dama daga cikinsu suka rasu tun suna ƙanana. Katarina tagwaye aka haife su, sai dai ƴar uwar tagwaicinta Jobanna ba ta yi rai ba.

Tana da shekara guda baƙar annoba ta auka wa Siyena a 1348. Mutanen da suka mutu sun yi yawan da sai da aka dakatar da aikin faɗaɗa babban cocin birnin, kuma har yau katangun da aka fara suna nan tsaye ba a kammala su ba.

Mafi yawan abin da aka sani game da ƙuruciyarta ya fito ne daga littafin da limaminta Raimondo na Kapuwa ya kammala a 1395. A cewarsa, tana da wajen shekara 6 ta ce ta ga wahayin Yesu a saman cocin San Domeniko da ke kan tudu daura da gidansu, kuma tana da shekara 7 ta yi wa Allah alkawarin ba za ta yi aure ba. Raimondo ya kuma rawaito cewa tun tana yarinya ta yi ta tunanin yin shigar maza ta tafi wata ƙasa mai nisa, don a karɓe ta cikin ƙungiyar Dominika, wadda mazanta kaɗai ke da izinin yin wa'azi.

Rigimarta ta farko da gida ta tashi ne kan aure. A 1362 yayarta Bonabentura, wadda take matuƙar ƙauna, ta rasu wajen haihuwa, iyayen kuma suka matsa wa Katarina sai ta yi aure. Sai ta ɗauki almakashi ta datse gashin kanta. Don a horar da ita aka karɓe ɗakinta, aka sallami ƴar aikin gidan, aka ɗora mata shara da girki. Ta yi aikin ba ta canja magana ba. Daga ƙarshe mahaifin ya sauko, ya ce a ƙyale ta, ya ba ta wani ɗan ƙaramin ɗaki.

Hanyar da ba aure ba, ba kulle ba

A Italiya ta wancan zamani hanya biyu ce gaban budurwa ƴar gidan mutunci: ko aure, ko shiga gidan sistoci. Tun 1298 Fafaroma Bonifas na 8 ya kafa doka cewa sistoci su zauna a kulle, ba fita sai da babban dalili. Katarina ta ƙi hanyoyin biyu.

Tana da wajen shekara 16 ta nemi shiga wata ƙungiyar mata da ake kira Mantellate, masu sa farar riga da baƙin mayafi, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar limaman Dominika amma suna zaune a gidajensu. Yawancinsu zawarawa ne da suka manyanta, shi ya sa da farko suka ƙi karɓar budurwa. Sai da ta kwanta ciwo mai tsanani, mahaifiyarta ta koma ta roƙe su, kafin suka amince.

Wannan zaɓi ne ya ba ta damar duk abin da ta yi daga baya. Ko da yake masu zane sukan nuna ta cikin kayan sistoci, a dokar coci Katarina mace ce daga cikin gama-garin mabiya, dokar kulle ba ta hau kanta ba.

Ta shafe shekara uku a ɗan ɗakin nan tana ibada, ba ta fita sai zuwa coci. A lokacin ne ta koyi karatu. Wajen 1368, shekarar da mahaifinta ya rasu, ta ce an umarce ta cikin wahayi da ta fito ta yi wa mutane hidima. Raimondo ya ce ta yi gardama da farko, tana kawo uzurin cewa ita mace ce, maza ba za su saurare ta ba, amma amsar da ta ce ta samu ita ce Allah kan aiko marasa ƙarfi don ya kunyata masu girman kai da iliminsu.

Ta fara da jinyar marasa lafiya a asibitin Santa Mariya della Skala da gidan kutare na San Lazzaro. Sannu a hankali mutane suka fara taruwa a wurinta: zawarawa, samari ƴaƴan masu kuɗi, malaman addini masu digiri, har da limamai. Da yawansu sun girme ta, amma duka suna kiranta mama. Mutanen gari suka sa musu suna Katerinati, wato ƴan Katarina, da nufin ba'a. Tsegumi ma bai bar ta ba, domin akwai waɗanda ke ganin bai kamata budurwa ta riƙa zama da maza tana koyar da su addini ba.

A watan Mayun 1374 ta je Florans a daidai lokacin da shugabannin ƙungiyar Dominika ke babban taronsu. Daga nan ne aka naɗa Raimondo, malami mai daraja a ƙungiyar, ya zama mai kula da ita. Naɗin sa ido ne, amma ya zame mata garkuwa, domin daga ranar duk inda ta nufa tana tafe da sunan ƙungiyar a bayanta. A wannan shekarar annoba ta komo Siyena, ta kashe wasu ƴan uwanta da ƴaƴansu, ita kuma ta ci gaba da jinya da binne gawawwaki.

Wasiƙu zuwa ga masu mulki

Makamin Katarina shi ne wasiƙa. Ita ke faɗa, sakatarorinta na rubutawa, kuma da yaren Toskana na kasuwa take magana. Kusan wasiƙu 380 ne suka tsira zuwa yau. Akwai na fafaromomi, da sarakuna, da kwamandojin yaƙi, akwai kuma na wani tela da matarsa a Florans, da fursunoni, da wata karuwa a birnin Peruja.

Ɗaya daga cikin wasiƙun da aka fi sani tana bayar da labarin wani saurayi da hukumomin Siyena suka yanke wa hukuncin kisa a 1375, wanda masana tarihi ke cewa Nikolo di Toldo ne, mutumin Peruja. Ta ziyarce shi a kurkuku ta kwantar masa da hankali, ta raka shi filin kisa, kuma da aka fille masa kai a hannunta kan ya faɗo.

A wannan shekarar ta zauna a birnin Pisa, inda ta ce ranar 1 ga Afrilu ta ji raunuka irin waɗanda Kiristoci suka yi imani an yi wa Yesu a kan giciye, ko da yake babu wanda ya gan su a jikinta tana da rai.

A Pisa ne kuma ta duƙufa kan wani kira da masu yabonta a yau ba su cika son ambata ba. Katarina ta goyi bayan a tayar da sabon yaƙin Salibiyya a kan Musulmi don ƙwace Ƙudus. Ta rubuta wa sarakuna kan haka, ta kuma rubuta wa John Hawkwood, wani Baturen Ingila shugaban sojojin haya da ya addabi Italiya, tana neman ya daina kashe ƴan uwansa Kiristoci ya juya makamansa gabas. A lissafinta yaƙin zai kwashe sojojin haya daga Italiya ya haɗa kan sarakunan Turai. Ba a yi wannan yaƙi ba, amma ba ta daina kiran a yi shi ba.

Tafiyar Abinyon

Tun 1309 fafaromomi suka bar Roma suka zauna a Abinyon. Fafaroma bakwai a jere duka Faransawa ne, haka ma mafi yawan kadinal-kadinal, wato manyan limaman da ke zaɓen fafaroma. Amma fafaroma na da ƙasashen da yake mulka a tsakiyar Italiya, waɗanda wakilansa, galibi Faransawa, ke tafiyarwa da haraji mai nauyi. A 1375 Florans ta jagoranci ƙawancen birane suka yi tawaye, abin da tarihi ke kira Yaƙin Waliyyai Takwas.

A ƙarshen Maris na 1376 Gregori na 11 ya ƙaƙaba wa Florans takunkumin addini: aka hana yin ibadar Mas a birnin, aka kuma halatta ƙwace dukiyar fatakenta a duk ƙasashen Kirista. Ga birnin da ke rayuwa da cinikin ulu da harkar banki, wannan babbar asara ce. Wasu shugabannin Florans suka nemi Katarina ta je ta yi musu magana da Fafaroma.

Kafin ta je ta riga ta aika masa wasiƙu masu zafi. Tana kiransa baba cikin ƙauna, tana girmama kujerarsa a matsayin wakilin Almasihu a duniya, amma tana ce masa ya daina tsoro ya yi halin maza. A wata wasiƙar ta faɗa masa cewa in ba zai yi amfani da ikon da aka ba shi wajen gyara ba, gara ya ajiye muƙamin.

Aikin sulhun bai yi nasara ba. Da jakadun Florans na hukuma suka iso Abinyon, sai suka ce ba a ba su umarnin yin aiki da ita ba. A fadar ma ba kowa ya yi na'am da ita ba: wasu manyan malaman coci uku sun zaunar da ita sun yi mata tambayoyi na tsawon yini don gano ko akwai ɓata a aƙidarta, amma ba su same ta da laifi ba.

Ranar 13 ga Satumban 1376 Gregori ya bar Abinyon, duk da adawar kadinal-kadinal da fadar sarkin Faransa, ya shiga Roma ranar 17 ga Janairun 1377. An daɗe ana cewa Katarina ce ta mayar da fafaroma Roma. Masana tarihi na yau sun rage wa wannan magana gishiri. Gregori ya riga ya ƙuduri komawa tun kafin ya san ta, wanda ya gada, Urban na 5, ya gwada komawa a 1367 ya sake juyowa a 1370, kuma wata matar, Birjita ta Suwidin, ta shafe shekaru tana wannan kira kafin rasuwarta a 1373. Abin da Katarina ta yi shi ne ƙarfafa gwiwar mutumin da ke ta ɗage tafiya, a lokacin da kusan duk na kusa da shi ke ce masa ya zauna.

Komawar ba ta kawo zaman lafiya ba. A watan Fabrairun 1377 sojojin hayar Fafaroma, ƙarƙashin Kadinal Robert na Janeba, suka kashe dubban fararen hula a garin Cesena. Hawkwood, wanda ta taɓa yi wa wa'azi, yana cikin waɗanda suka yi aikin.

Limamai uku a bayanta

A 1377 ta kafa gidan sistoci a wata tsohuwar ganuwa da ake kira Belkaro kusa da Siyena, sa'an nan ta tafi ƙauyukan kwarin Orcia don sasanta rassa biyu na gidan Salimbeni, masu ƙarfi a yankin. Hukumomin Siyena suka zarge ta da ƙulla makirci da gidan, ta mayar musu da martani a rubuce. A can ne ta ce ta koyi rubutu da hannunta.

Wani abu da ya faru a wannan lokaci shi ya fi nuna matsayinta a coci. Mutane kan sauko daga tsaunuka su saurare ta, da yawa su tuba. Amma a ɗariƙar Katolika limami ne kaɗai ke sauraron ikirarin zunubi ya furta gafara, shi ne kuma ke jagorantar Mas. Don haka Fafaroma ya ba da takarda cewa limamai uku, cikinsu har da Raimondo, su riƙa bin ta suna karɓar masu tuba. Raimondo ya rubuta cewa sukan wuni ba su ci abinci ba saboda yawan jama'a. Ita ke jawo mutanen, su kuma ke da ikon kammala aikin.

Babu inda aka samu ta nemi a naɗa ta limamiya. A littafinta da ake kira Tattaunawa, wanda ta kammala a 1378, ta yi dogon bayani kan limaman da ke sayar da muƙaman coci, da masu ajiye dadiro, da masu cin dukiyar talakawa. Duk da haka ta dage cewa darajar limanci daga Allah take, kuma bai halatta sarakuna ko talakawa su hukunta limami da hannunsu ba.

A farkon 1378 Gregori ya tura ta Florans ta sake gwada sulhu. A watan Yuni tarzoma ta ɓarke a birnin, aka ƙone gidajen wasu magoya bayanta, wasu gungun mutane ɗauke da makamai suka same ta a wani lambu. Ta fito ta tsaya gabansu, ta roƙi a ƙyale waɗanda ke tare da ita, maharan kuma suka janye. Ta ƙi barin yankin sai da aka ƙulla sulhu a watan Yuli.

Fafaroma biyu

Gregori ya rasu ranar 27 ga Maris na 1378. Ranar 8 ga Afrilu, yayin da jama'ar Roma ke ihu a waje suna neman a zaɓi ɗan Italiya, kadinal-kadinal suka zaɓi babban bishop na Bari, wanda ya ɗauki sunan Urban na 6. Mutum ne mai son gyara amma mai zafin rai, yana zagin kadinal-kadinal a bainar jama'a. Cikin ƴan watanni suka juya masa baya, suka ce an tilasta musu ne, kuma ranar 20 ga Satumba suka zaɓi wani a garin Fondi. Wanda suka zaɓa shi ne Robert na Janeba, mai kisan Cesena, da sunan Klement na 7. Ya koma Abinyon, Turai ta rabu biyu.

Katarina ta tsaya bayan Urban, ko da yake ta rubuta masa tana neman ya sassauta halinsa. Da ya kira ta Roma, sai ta nemi a ba ta umarnin a rubuce, domin a Siyena ana ta surutu cewa yawonta ya yi yawa ga mace. Ta isa ranar 28 ga Nuwamban 1378, kuma Urban ya sa ta yi jawabi gaban sababbin kadinal-kadinal ɗinsa.

Daga Roma ta yi ta aika wasiƙu ga Sarauniya Jobanna ta Napoli, da Sarki Sharl na 5 na Faransa, da Sarki Luwi na Hangari, da wasu kadinal-kadinal uku ƴan Italiya da ta zarga da cin amana. Kusan babu wanda ya canja sheƙa saboda ita. An yi shirin tura ta Napoli, aka fasa don tsoron abin da zai same ta a hanya. Raimondo da aka aika Faransa ya tsaya a Jenowa da ya ji an yi masa kwanton ɓauna, ita kuma ta rubuta masa tana yi masa faɗa kan tsoro. Ba su sake ganin juna ba.

Jikinta ya riga ya ƙare. Shekaru da dama ba ta iya riƙe abinci, in an tilasta mata ta ci sai ta amayar. Masu ƙaunarta sun ɗauki abin a matsayin karama, maƙiyanta suka ce yaudara ce, ita kuwa ta kira shi rashin lafiya, kuma ta gargaɗi wasu mata kan wuce gona da iri wajen azumi. A 1985 wani masanin tarihi Ba'amurke, Rudolph Bell, ya wallafa littafi yana kwatanta halinta da cutar ƙin cin abinci da likitoci suka sani a yau, ko da yake wasu masana sun ce ba a auna mutanen ƙarni na 14 da ma'aunin yanzu.

A farkon 1380 ta daina shan ko da ruwa na wani lokaci. Duk da haka takan taka zuwa cocin San Piyetro kowace safiya ta wuni tana addu'a, har ƙafafunta suka daina ɗaukar ta. Ta rasu ranar 29 ga Afrilun 1380. Rabuwar cocin da ta mutu tana yaƙi da ita ta ci gaba har 1417, lokacin da babban taron Konstans ya zaɓi Martin na 5.

An binne ta a cocin Santa Mariya sopra Minerba a Roma. Daga baya aka kai kanta Siyena, inda yake a cocin San Domeniko har yau. Mahaifiyarta Lapa, wadda ta so ta aurar da ita, tana raye lokacin da aka zaga da shi cikin gari.

Girmamawa bayan mutuwa

Fafaroma Piyus na 2, wanda shi ma ɗan ƙasar Siyena ne, ya ayyana ta waliyyiya a 1461. A 1500 mashahurin mai ɗab'i Aldo Manuzio ya buga wasiƙunta a Benis, kuma ana lissafa su cikin muhimman rubuce-rubucen farko na harshen Italiyanci. A 1939 aka sanya ta majiɓinciyar Italiya tare da Faransis na Asisi, a 1999 kuma cikin majiɓintan nahiyar Turai.

Babban matakin shi ne na ranar 4 ga Oktoban 1970, lokacin da Fafaroma Pol na 6 ya ba ta laƙabin Malamar Coci, mako guda bayan Teresa ta Abila. Kafin wannan shekara maza kaɗai ke da laƙabin, wanda ke nufin dukan mabiya za su iya dogara da koyarwar mai shi. Amma a wajen bikin Teresa, Fafaroman ya bayyana cewa laƙabin bai ƙunshi wani muƙami na shugabancin coci ba. Mata biyu ne suka biyo bayansu: Teresa ta Lisiye a 1997, da Hildegad ta Bingen a 2012.

A 1976 ofishin kula da aƙida na fadar Batikan ya fitar da sanarwar cewa coci ba ya ganin yana da ikon naɗa mata limamai, kuma sanarwar ta ambaci Katarina da suna cikin matan da suka taka babbar rawa a tarihinsa. Fafaroma Jan Pol na 2 ya jaddada wannan matsayi ranar 22 ga Mayun 1994, ya ce magana ce da ta ƙare. Hujjar fadar ita ce Yesu maza 12 ya zaɓa manzanni, kuma coci bai taɓa sauka daga wannan al'ada ba. Dokar cocin mai lamba 1024 ta ce namijin da aka yi wa baftisma ne kaɗai ake naɗawa.

Masu kare wannan matsayi suna cewa rayuwar Katarina ta nuna mace na iya girgiza coci gaba ɗaya ba tare da rigar limanci ba, kuma tsarkin rai ya fi muƙami. Ƙungiyoyin da ke neman a naɗa mata kuwa suna nuni da limamai ukun nan da ke bin ta, suna cewa duk tasirinta sai da izinin maza ya yi aiki, kuma ranar da jakadun Florans suka ga dama suka yi watsi da ita babu wata kujera da za ta dogara da ita.

Fafaroma Faransis ya buɗe wasu ƙofofin shugabanci ba tare da ya taɓa batun limanci ba. Ya kafa kwamitoci biyu, a 2016 da 2020, don nazarin ko mata za su iya zama dikon, matakin da ke ƙasa da limami. A 2022 ya sauya tsarin fadar yadda wanda ba limami ba, namiji ko mace, zai iya shugabantar ma'aikata. A watan Oktoban 2023 mata 54 suka kaɗa ƙuri'a a taron majalisar bishop-bishop, karon farko a tarihi. Ranar 6 ga Janairun 2025 ya naɗa Sista Simona Brambilla shugabar ma'aikatar da ke kula da ƙungiyoyin sistoci da na maza masu zaman ibada, mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera, kuma daga 1 ga Maris na shekarar Sista Raffaella Petrini ta karɓi ragamar hukumar da ke gudanar da birnin Batikan. Har ya rasu a watan Afrilun 2025, doka ta 1024 tana nan yadda take.

Kowace ranar 29 ga Afrilu mabiya Katolika a duniya ke bikin tunawa da Katarina. Gidan marinar mahaifinta a Fontebranda ya zama wurin ziyara, kuma ana nuna wa baƙi ɗan ɗakin da ta zauna a ciki shekara uku kafin ta fito.